Dakta Isiyaku da hanjin awakin Agege

Shekara goma sha biyu ke nan da muka raka Dakta Isiyaku makwancinsa a Agege. Ni Garba mahauci ne, ban taɓa rubutu a jarida ba. Ina faɗa ne, 'yata tana rubutawa.

Tare muka yi makarantar allo da shi. Ya bi boko har ya zama malamin haɗa magunguna a jami'a, ni kuma na gaji wuƙar babana. A shekarar da soja suka miƙa mulki, sai ga shi wata Asabar a mayanka, ya naɗe ƙafar wando yana tsallake jini.

"Garba, hanjin akuya nake so, mai ɗumi, wanda ba a wanke ba."

Na ce, "Dakta, in miya ce, tumbi ya fi."

Ya yi dariya, ya zauna a kan bencina ya yi mini bayani. Akwai magani, insulin, da masu ciwon suga ke rayuwa da shi, amma sai ta allura. In an haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar nama, abin da ya tsira kuma ya yi girman da ba zai ratsa bangon hanji ya shiga jini ba. Mahaifiyarsa tana cikin masu wannan allura, cinyoyinta duk tabo. Shi ya sa ya tara ɗalibai yana koya musu yadda za su lulluɓe maganin da wani ɗan maiƙo, ko zai samu ya wuce. Sukan shimfiɗa fatar hanji tsakanin 'yan kwalabe biyu, su zuba magani ta nan, su jira shi ta can.

Da farko ba mu ji da daɗi ba. In an sa hanjin a danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, cunkoso ya riƙe shi, kafin ya isa jami'a ya lalace. Muka koma sa shi a ƙanƙara, a kai shi a okada, wato acaɓa. Sai wata matsalar: ɗaliban suna yaga fatar wajen ɓare ta. Akwai wata Funmilayo, 'yar Iyana Ipaja, da ta yi shekara guda ba sakamako, har ta gaya wa Dakta za ta bari ta shiga shagon yayarta a kasuwar Idumota.

Bai yi mata faɗa ba. Ya kwaso su duka da fararen rigunansu ya kawo su mayanka, ya ce, "Ga malaminku na yau." Mahauta suka zagaye mu suna tsiya, wai Garba ya zama farfesa. Na karɓi 'yar wuƙar da ke hannun Funmilayo na ajiye, na nuna mata yadda muke yi da babban yatsa, a hankali, fata ta rabu da kanta. Ta yaga uku, ta huɗu ta fita lafiya. Ta ɗaga ta a rana tana kallo, ta ce da Hausarta ta 'yan Agege, "Baba, wannan na yi shi."

Wajen wata biyar bayan haka, da azahar, Dakta ya sauko daga okada, Funmilayo tana biye a wata. Ya ce maganin ya ratsa. Na tashi zan yi shela, ya riƙe hannuna.

"Ɗan kaɗan ne ya wuce, kuma gobe yana iya ƙi. Amma hannunta ya iya, wannan ba zai ƙi ba."

Duk da haka na yanka ƙaramar akuya, muka yi tsire, har masu dako suka ci.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na ji an fara samun wasu magunguna masu irin wannan girma a ƙwaya, amma insulin har yanzu allura ce. Ni ma suga ta kama ni, kullum ina sokawa. Ba na jin zai karaya. Cewa zai yi sannu ba ta hana zuwa, sannan ya tambaya ko an yanka awakin safe.

Bai bar mana ƙwayar da ya nema ba, mahaifiyarsa ma da allurarta ta koma ga Allah. Abin da ya bari mutane ne. Funmilayo yanzu ita ke koyar da masu bincike, kuma duk shekara sai ta kawo sababbi mayanka kafin su taɓa kwalba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa bai taɓa raina hannun kowa ba. Bara wani ɗalibi ya tambaye ta wa ya fito da wannan hanyar ɓare fata. Ta ce Dakta Isiyaku da Malam Garba. Na ja ta gefe na ce ta daina sa sunan mahauci kusa da na malami. Ta ce ba za ta iya ba, Dakta ne ya ce a riƙa faɗar haka tun yana raye.

Allah Ya jiƙan abokina, Ya sa ilimin da ya shuka ya riƙa iske shi.