Tabarmar Baƙi a Gaban Tele

Shekarar da fari ya koro mutanen arewa zuwa Tawa, tele ɗaya ce tal a unguwarmu, ta gwamnati, a filin samariya. Bayan magariba akan sa mana zanen yara mai motsi. Wasu jarumawa ne, ɗaya na tashi sama, ɗaya na ɗaga dutse, wata na fidda wuta a tafin hannu, kuma ba sa ga maciji da juna. Sai ga wasu halittu masu kai kamar tulu sun sauko daga sama za su cinye duniya. Kakata ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Wannan ai fara ce," ta yi tafiyarta.

Abokin kallona wani yaro ne daga wajen Takanamat. Shanunsu sun mutu ƙurmus, shi da uwarsa da ƙanwarsa suna kwana cikin bukkar buhuna bayan kasuwa, inda ko ba komai ana samun tsintar hatsi. Ba ya jin faransanci, ni ko ɗan lakwal ne, ina makarantar boko, sai ya yi ta zungura ta da gwiwar hannu: "Mi ya ce? Kai, mi ya ce?" Can baya muke tsayawa, don ba a barin ƴan gudun yunwa su matso gaba. Masu kaki sun sha cewa a kwashe su a mai da su ƙauyukansu. Su koma su ci mi, ƙasa? Amma da sun shiga cikinmu ba mai iya tsince su, duk mun rame.

Ranar da za a nuna ƙarshen labarin, sanƙira ya zaga unguwa da hantsi yana shela: yau baƙi ne a gaba, an shimfiɗa musu tabarmi, baƙonka annabinka! Wallahi har daɗi na ji. Abokina ya wanke fuska, ya jawo uwarsa da ƙanwarsa. Aka tarbe su da ruwa a ƙwarya, kamar yadda ake yi wa baƙon kirki. Na bi shi zan zauna, wani babban saurayi ya tare ni da hannu.

"Kai ɗan gari ne, koma baya."

A cikin tele jarumawan nan sun bar gaba, sun haɗa hannu, sun tunkari halittun. Daidai nan fitilun kamyo, babbar motar masu kaki, suka haske filin, babbansu ya daka tsawa.

"Duk wanda ke bisa tabarma, ya tashi!"

Ba su ma sha wahalar tambayar kowa ba, tabarma ta gama musu aiki, suka loda baƙin duka a kamyo. Mu ɗari nawa ne a filin nan? Ga dattawa, ga majiya ƙarfi, ga babana, amma ba wanda ya hana su. Kowa ya kafe tele da ido. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Tir da wannan karamci!

Kamyon ya fara tafiya, na ji muryar abokina daga sama: "Sun kore su? Kai, mi ya ce?"

Sun kore su mana. Jarumawa sun ceci duniya, aka yi tafi raf-raf-raf, aka naɗe tabarmin aka mayar gidan mai unguwa. Na kalli ƙarshen tsaf, na haddace kowace magana don in fassara masa. Yanzu ga furfura ta cika mini kai, ban sake ganinsa ba.