Auta da Babban Faifan Kekensa

Faɗa mafi zafi da na taɓa yi da ƙanena, a rumfar mai gyaran keke muka yi shi, kuma a kan wasu faya-fayan ƙarfe masu haƙora da ko sunansu ban sani ba a lokacin. Na haura saba'in, shi yana bakin sittin, amma ranar sai da masu wucewa suka tsaya kallo kamar ana rabon gado.

Mai gyara ya ajiye masa guda biyu a kan benci. Kaset yake ce musu, ni dai haƙora na gani. Su ne ake ɗaurawa a tsakiyar tayar baya, faifai kan faifai, daga ƙarami zuwa babba, sarƙa tana hawa tana sauka a kansu. Na farko ɗan tsukukke ne, babban faifansa haƙori ashirin da takwas. Na biyu kuwa babbansa ya kai murfin tukunya, haƙori arba'in da biyu.

"Baba, wannan babban shi ne na tudunka," in ji mai gyara. "In sarƙa ta hau kansa, feda za ta yi laushi. Ba sauri, amma ba za ka sauka ba."

Auta ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. "Wannan ai na marasa lafiya ne. Ɗaura mini ƙaramin."

Na ce, "To kai lafiyayye ne? Wa ke zuwa gidana aron man zafi duk mako?"

"Yaya, ki bar maganar da ba ki sani ba. Kin taɓa hawa keke?"

"Ban taɓa ba. Amma shekara arba'in na yi ina hawa tudun nan da bokitin ruwa a ka. Ƙananan taku nake yi, shi ya sa har yau gwiwoyina biyu nawa ne."

Mai gyara ya tafa hannu. "Wallahi, Mama, abin da babban faifai yake yi ke nan! Ƙananan taku ne."

"Kai kuma wa ya sa da kai?" in ji Auta. "Ɗaura abin da na ce."

Aka ɗaura. Ya hau, ya bi miƙaƙƙen titin gaban rumfar, mai laushi kamar tabarma, babu ko tsinke a bayan keken. Ya je ya dawo hularsa a karkace, yana washe baki. "Kin gani? Kamar iska!"

Na ce, "Ɗora masa kular sanyin alluran asibiti tukuna, ka juya hancinsa saman tudu, sai mu ga iskar." Ya ce ni da baƙin baki tun muna yara. Na ce shi da taurin kai tun yana zanin goyo, kuma ni na goye shi, na fi kowa sani. Mako uku ba mu gaisa ba.

Bari in faɗi ko wane ne shi, don kada a ɗauka mahaukaci ne.

Shi ne autan mahaifiyarmu, shi ya sa har ya yi furfura Auta muke ce masa. Bai yi nisa a boko ba, sai ya samu aikin masinja a ƙaramin asibitin da ke can ƙolin tudu, bayan gidajenmu. Aikinsa guda: duk Talata da safe ya gangara babban sito a cikin gari, a cika masa kula da alluran rigakafin jarirai da ƙanƙara, a ɗora masa kwalin ledojin ƙarin ruwa, ya hauro da su kafin ƙanƙarar ta narke. Hanyar duk duwatsu ce da zaizaya, motar haya ba ta son ta. Shekara talatin da ɗaya yana yi, a kan wani baƙin keke mai faifai ɗaya tal, babu giya babu komai. A tsaye yake takawa, jijiyoyin wuyansa a waje, kuma bai taɓa sa ƙafa a ƙasa ba. Mutanen tudu suka sa masa Ƙafar Ƙarfe. Da a ce sun san abin da sunan zai yi wa kansa, da sun bar shi da Auta.

Ban da wannan, mutum ne mai sauƙi. Abin da aka ba shi yake ci. Rabin yaran unguwar nan, allurarsu ta farko a bayan kekensa ta hauro, kuma yana sane da kowa: in ya ga ƙato mai gemu sai ya ce, "Kai, da ƙyanda ta cinye ka ba don ni ba." Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, ya rene ta shi kaɗai, har kitso ya koya, ko da yake kitson ba ya kallo. Amma a taɓa maganar ƙafarsa, sai ka ga wani mutum daban.

Gwiwar dama ce ta fara. Ya ɓoye wa kowa, sai 'yar ta kama shi yana sallah a zaune. Ita ce ta aiko masa da keken hawan dutse, na hannu, mai ƙatuwar taya da giya. Aka yi masa waldar kariyar ɗora kaya a baya. Haƙoran bayan ne kawai suka cinye, sarƙa tana tsalle, shi ne dalilin zuwanmu rumfar mai gyara. Ni rakiya na je, don na san in aka bar shi shi kaɗai sai ya zaɓi abin da zai kashe shi. Ashe ko da ni ɗin ma sai ya zaɓa.

Talatar farko da ƙaramin kaset, ƙasan tudu ya yi masa daɗi. Ya wuce kasuwa yana kaɗa ƙararrawa. Da ya iso kwanar makaranta, inda hanya take miƙewa tsaye kamar bango, ya danna giya, ya sake dannawa, ya kuma dannawa. Babu saura. Sarƙa tana kan faifan ƙarshe, feda kuma kamar an ɗaura mata dutse. Ya miƙe tsaye yadda ya saba, gwiwar ta ce masa a'a. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Akwai doguwar katangar makaranta a wurin, babu ƙofar gida ko ɗaya. Ya sauka ya tura, kula da kwali suna rinjayarsa baya. Da ya kusa ƙarshen katangar ya share gumi, ya gyara hula, ya sake hawa, ya wuce ƙofar gidana ƙirji a gaba.

Abin da ya manta, tagar ɗakin girkina katangar take kallo.

Turin yana cinye masa kusan awa guda a rana tsaka. Sabuwar shugabar asibitin kuwa ba irin na da ba ce, ma'aunin sanyi take sakawa a cikin kular. Sau biyu ta buɗe ta tarar da ruwa maimakon ƙanƙara. Sau biyu aka zubar da alluran, aka sallami mata da jarirai a baya bayan sun wuni a kan benci. Ta kira shi ofis, ta ba shi kujera, ta yi masa magana da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo.

"Baba Masinja, ina ganin girmanka. Amma in aka yi na uku, mai babur zan nema. Ba zan sake kallon idon matan nan ba."

Ya fito ya ce wa duk wanda ya tambaya ƙanƙarar zamani ce ba ta da ƙarfi. Ya ce masu sito ne suke ɓata masa lokaci. Ya sa aka yi wa kular riga da buhu. Ya ƙara wa taya iska, ya rage wa taya iska. Komai ya taɓa a keken nan ban da abin da ke damunsa. Kuma ya san in aikin ya tafi, ba albashin ne zai fi ci masa rai ba. Ya tashi ranar Talata babu inda ake jiransa, wannan ne ba zai iya ba.

Ni lallashi ba sana'ata ba ce. Talata ta gaba na ɗauki kujerata 'yar tsugunno da tiren tsintar wake, na je na dasa a gindin katangar makaranta. Maƙwabtana biyu suka biyo ni, don na ce musu inuwar can ta fi sanyi. Sai ga shi ya ɓullo yana turi, baki buɗe, riga ta manne a baya.

"Sannu da turi, Ƙafar Ƙarfe!" na ce, yadda har malaman aji za su ji. "Keken ne ya gaji ka sauka ka taimaka masa?"

Ya tsaya cak. "Yaya, me kike yi a nan?"

"Wake nake tsinta. Nan zan riƙa tsintarsa duk Talata in Allah ya yarda. Mako mai zuwa har da matan layin baya."

"Sarƙa ce ta zame."

"Ga ta can a zaune lafiya lau. Wuce, ƙanƙarar mutane tana narkewa."

Ranar, da ƙyar ya tsira, shugabar ta ce saura ƙiris. Washegari da sassafe, kafin a buɗe shaguna, ya je ya tsaya wa mai gyara a ƙofar rumfa. Ya ce 'yarsa ce ta matsa masa a waya, shi ba ya so. Mai gyara ya janyo babban daga ƙarƙashin benci inda na ce ya ajiye. Ya ce sai an sa sabuwar sarƙa mai tsayi, don tsohuwar ba za ta zagaye shi ba, kuma sai an sauya ɗan ƙarfen da ke ja mata. Auta ya ce a yi duk abin da za a yi, amma in wani ya ji, ba shi ba shi har abada. Kafin azahar har mai shayi ya sani.

Sai Auta ya yanko kwali, ya ɗaure a gefen tayar da waya, ya rufe faifan ruf. Wai don ƙura.

Talatar da ta biyo ina gindin katangar, ni kaɗai wannan karon. Ya shawo kwanar a zaune daram a kan sirdi, ƙafafunsa suna juyawa fir-fir-fir kamar mai taka keken ɗinki, keken kuma yana tafiya a hankali har wata akuya ta wuce shi. Amma bai sauka ba. Ya zo daidai ni, idonsa a kan hanya.

"Gwiwar ce ta warke," ya ce.

"Allah ya ƙara sauƙi," na ce. "Kwalinka yana karkacewa."

Ƙanƙara ta isa da ƙarfinta ranar, da duk Talatar da ta biyo baya. Shekara huɗu ya ƙara a aikin, maganar mai babur ba ta sake tashi ba. Kwali bakwai ya sauya. Ƙaramin kaset ɗin kuwa yana rataye a ƙusa a ɗakinsa, yana shafa masa mai duk wata, wai sai ƙafar ta gama dawowa. Ko sau ɗaya bai ce mini na yi gaskiya ba. Ko a mafarki.

Ciwon da ya tafi da shi ba na gwiwa ba ne, na ƙirji ne, kuma bai daɗe ba. A asibitin nasa ya kwanta, a gadon da ke kusa da taga. Kwana biyu kafin ya rasu na kai masa ruwan zafi da rana, 'yarsa ta fita karɓo magani. Ya yafito ni da hannu. Na matsa, na ɗauka wasiyya ce a kan yarinyar ko a kan gidan.

"Yaya," ya ce, murya can ƙasa, "in za a ba wani keken nan, ki sa mai gyara ya cire babban ya mayar da ƙaramin tukuna. Kada a cire kwalin a gani."

Na ajiye butar. Na dube shi, mutum ƙashi da fata, ledar ruwan da shi da kansa ya hauro da ita tana ɗiga a hannunsa.

Na ce, "Auta, babu wanda bai sani ba. Mai shayi ya sani, liman ya sani, yaran makaranta sun sani, akuyar nan ma ta sani. Shekara huɗu suna kallonka da kwalinka suna ce maka Ƙafar Ƙarfe, babu wanda ya rage maka ko harafi. Ba zan cire komai ba. Ɗaga kanka ka sha ruwan nan kafin ya huce."