Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tudu

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ba ta fita a raina ita ce wata Asabar ta watan Satumba da muka fita da Alhaji Seidu da surukinsa Bature. Ku sababbin zuwa kuna jin labarin gutsi-gutsi a shago, to ga shi daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, shagon kekuna ne a Hyattsville. Muna gyara, muna sayarwa, ran Asabar kuma mu kwashi masu sha'awa mu kai su karkarar Virginia su hau keke a hanyar burji. Mutanen nan suna da kwalta har ƙofar ɗakinsu, amma sai sun biya an kai su inda babu ita. Ni da na baro Maraɗi ina murnar rabuwa da burji, yau da shi nake ciyar da iyalina.

A kowace fita akwai jagora a gaba, akwai ɗan baya, wato ni, sai mota tana biye da mu nesa kaɗan. Madam Linda mai shagon ce ke tuƙa ta, muna magana ta rediyon hannu. Dokarta ɗaya ce: wanda ya sauka a kan tudu don gajiya, karon farko a ƙyale shi, karo na biyu ya shiga mota, shi da kekensa. Saboda gudun ciwon zuciya ta kafa dokar, kuma ba ta wasa da ita.

Alhaji Seidu mutumin Kumasi ne, yana zaune a Fort Washington, ya yi ritaya daga aikin kula da tsofaffi. 'Yarsa Hajara ta auri wani Bature, Martin, suna zaune a wani ƙauye a Ingila. Wata rana a waya Alhaji ya yi kurin cewa a zamaninsa yakan hau tudu a keke da buhun masara a baya. Da ɗayanmu ne, sai ya ce "Allah sarki" a wuce wurin. Martin kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya zauna ya tsara musu tafiyar keke su biyu a can Ingila, daga ƙauye zuwa ƙauye, ta cikin gonaki da makiyayar tumaki, hawa da gangara.

Alhaji ya yi watanni yana fita da mu yana shiri. Ya sayi matsattsen wandon nan na 'yan keke, ya ɗora dogon wando a kai, ya kawo riga har gwiwa. Da Martin ya zo ziyara, aka ce a fita tare a gwada. Kafin ranar Hajara ta kira ni.

"Kawu Issoufou, please ka sa mini ido a kansa. Idan ya shiga van ɗinku, I'm cancelling tafiyar keken. A mota za mu zaga da shi."

Alhaji ya san da wannan. Ya ce da ni, "Yarona, a ɗora ni a mota kamar kaya a gaban mijin 'yata? Gara in zauna a gida."

Da safen ranar Martin ya iso, ya miƙa wa Alhaji hannu a tsaye, ya ce "Morning," ya wuce duba tayarsa. Alhaji ya dube ni ya ce a hankali, "Gaisuwar ke nan fa. An gama."

A tudun farko Alhaji ya sauka, ya ce sarƙa ce ta maƙale. Na duba sarƙa, lafiyarta ƙalau. Na ce, "Baba, ɗaya ke nan." Ya ce ya ji.

Daga nan ne ya ɓullo da dabara. A tudu na gaba akwai wata mata tana ɗaukar wasiƙu a bakin hanya. Alhaji ya taka birki ya gaishe ta. Ya tambayi maigidanta, ya tambayi yara, ya tambayi karen da ke gefenta. Matar ta rasa yadda za ta yi, ta amsa duka. Numfashinsa na dawowa, gaisuwa ta ƙare. Tudu na gaba, wani yana gyara shinge, shi ma ya samu rabonsa.

Rediyo ta yi ƙara. Madam Linda ta ce, "Issoufou, ya tsaya ne?"

Na ce, "Gaisuwa yake yi."

"Ya san mutumin?"

"Yanzu ya san shi."

Dokar gajiya ta ambata, ba ta ce komai game da gaisuwa ba. Ni kuma kunnena yana kan muryarsa. Muddin yana iya tambayar lafiyar kare da cikakkiyar murya, zuciyarsa tana nan daram. Martin kan jira mu a saman kowane tudu yana kallo.

Sai tudun ƙarshe. Dogo ne, ba gida, ba shinge, ko saniya babu. Sauran mutane sun haye tuni. Alhaji yana taka feda yana duba dama, yana duba hagu, babu wanda za a gaisar. Keken ya fara layi. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san idan ƙafarsa ta taɓa ƙasa dole in kira mota, ba zan yi wa zuciyar dattijo ƙarya ba. Hannuna yana kan rediyo.

Sai na ga Martin ya juyo yana gangarowa. Ya tsaya a gaban Alhaji, ya kwantar da kekensa, ya cire hular kwano, ya durƙusa a kan tsakuwa da gwiwoyinsa tsirara.

"Baba, ina kwana?"

Rana ta riga ta take. Alhaji ya taka birki ya sauka, don ba a amsa gaisuwar suruki a guje. Ya kau da kai gefe kamar yadda ake yi, ya ce, "Lafiya... lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Martin ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Kumasi. Hausar da Hajara ta koya masa ta ƙare a nan, sai ya koma farko. Da ta sake ƙarewa ya koma Turanci, yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya, har da wata gwaggo da ta rasu tun kafin aurensu. Alhaji ya ce tana lafiya. Tsakuwa tana cin gwiwar Martin, amma bai motsa ba.

Madam Linda ta ce, "Yanzu kuma mene ne?"

Na ce, "Surukai ne ke gaisawa."

"Zai ɗauki lokaci?"

"Ya danganta da yawan dangi."

Da ƙirjin Alhaji ya daina sama da ƙasa, sai ya ce, "To, tashi, Allah ya yi albarka. Kana ɓata mana lokaci." Ya hau kekensa ya ƙarasa tudun da kansa. Motar ta iso babu kowa a ciki sai Madam Linda.

Muna ɗaure kekuna Martin ya matso kusa da ni. Ya ce tuddan garinsu ba su kai wannan tsawo ba, amma suna da yawa, kuma mutanensu ba su cika tsayawa a bakin hanya ba. Ya roƙe ni in ƙara masa gaisuwa. Na ba shi ina aiki, ina sanyi, ina labari, yaya ƙarfin jiki, da duk abin da na tuna.

Abin da na koya a ranar shi ne, aikin ɗan baya bai tsaya ga faci da gyaran birki ba. Kusan kowa yana buƙatar hutu a kan tudu, amma akwai mutumin da ba zai karɓe shi ba sai an ba shi ta hanyar da mutuncinsa zai tsira. Ku riƙa lura da irin waɗannan, suna da yawa a cikin dattawanmu.

Bazarar da ta biyo baya Alhaji ya je Ingila ya dawo, ya shigo shago a canja masa taya. Na ce, "Baba, yaya tafiya?"

Ya ce, "Ƙasa kore shar, gidajen dutse, tumaki ko'ina. Ban sauka don gajiya ko sau ɗaya ba. Yaron nan ne dai, ladabinsa ya yi yawa. Kowane tudu sai ya tsayar da ni ya gaishe ni."