Ashe "Kin Yi Ƙoƙari" Ba Yabo Ba Ne

Jiya muna kallon gasar girkin nan ta talabijin, ni da 'yata Hadiza da ta zo daga Roni. Yarinyar da nake goyon baya ta yi miyar kuka. Alƙalin ya ɗanɗana, ya kurɓi ruwa, ya ce mata, "Kin yi ƙoƙari."

Na ce shi ke nan, tawa ta ci. Sai ga shi ita aka kora.

Na hau faɗa, na ce ai wannan yabo ne. Shekara da shekaru in mijina marigayi Malam ya ci miyata haka yake ce min, har ruwan ma yana kurɓa.

Hadiza ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa.

Na ce, "Ke, faɗi abin da ke bakinki."

Ta ce, "Inna, kanwa kike cikawa. Baba ne ya hana mu magana."

Ni da nake bin gidajen biki a Kazaure ina gyara wa mata miya.

Allah Ya jiƙan Malam, ya sha kanwa ya tafi da bakinsa a rufe.

Matan nan, ku gaya min, me naku yake cewa in ya wanke hannu?