Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mutuniyar Zugu ce, cikin Fulani ta tashi, kunyar ɗan fari kuwa a can ba abin wasa ba ce. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina wurin. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta goye ni. In Inna na son in zo, sai ta ce wa ƙanwata, ko gwaggo, ko ma bangon ɗaki, "A ce ma wancan tuwo na hucewa." Ni ne wancan.

Ina yaro abin bai dame ni ba. Sai da na girma, na samu aikin koyarwa a wata firamare a Gummi, a shekarun nan da kowa a Zamfara ya zama malami. Ni ma na tara gemu, na ɗage wando, sahun farko ba ya wuce ni. Kaset ɗin wa'azi kuwa jaka guda. Da ma ni mutum ne mai saurin hawa, ga shi kuma na samu hujja. Duk abin da ban gani a littafi ba sai na daka masa tsawa.

Wata Asabar da damina na hau mashin na tafi gida Bukkuyum. Na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, matan maƙwabta uku suna zaune. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, wannan abin da kike yi ba addini ba ne. Kira sunana. Babu inda aka hana."

Ta ajiye rariya, ta kakkaɓe zane, ta shige ɗaki. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ko "wancan" ɗin ma na daina samu. In na zo, ƙanwata ta dire tuwo ta wuce, babu saƙo. Wata bakwai muna haka.

Na ce ai ni ke da gaskiya. Na ƙara nafila, na ƙara azumin Litinin da Alhamis. Amma wallahi in na kabbara, gardama nake yi da Inna a raina har in sallame. Raka'a nawa na yi, oho.

Gwaggo ce ta tare ni a gindin rumbu. Ba ta yi karatu ba, Fatiha da ƙananan surori ne iyakarta. Ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Kullum kai ka magana, ga mutane, ga Allah. Yaushe kaka yin shiru ka ji abin da ke cikinka?" Na ce mata wannan ba ilimi ba ne. Ta ce, "To."

Haushi ya sa na gwada, don in ƙaryata ta. Bayan la'asar sai in zauna a kan buzu, ba kaset, ba littafi. Kwanakin farko ban ji komai ba sai kukan awaki. A hankali abin ya fito fili, kuma babu daɗi. Ba addini nake karewa ba. So nake uwata ta kira ni sau ɗaya kamar yadda take kiran ƙannena, shi ke nan. Na tozarta ta a gaban mata saboda kwaɗayin raina, na lulluɓe shi da wa'azi. Na ji kunya ƙwarai.

Ban je mata da dogon bayani ba. Duk Asabar in na zo, sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, in kawar da kai gefe, in zauna. Ita tana ciki tana jan carbi. Ba mai cewa uffan, wani lokaci har a kira magariba.

Da kaka ta sake zagayowa ciwonta ya tashi, ana cikin yankan gero. Aka kai ta asibiti Anka, aka dawo da ita, aka ce a ci gaba da addu'a. Ranar ƙarshe da hantsi gwaggo ta ce in shigo. Na durƙusa a bakin gado, tsakanina da Inna bai fi kamu ɗaya ba. Ba zan ɓoye ba, jira nake. A raina na ce yau dai.

Ta juya fuskarta wajen gwaggo, muryar can ƙasa. "Ki ce ma wancan na yahe mai. Ki ce shi riƙe ƙannenai."

Na buɗe baki zan ce, Inna ga ni nan. Na haɗiye. Na juya ni ma na dubi gwaggo na ce, "Gwaggo, ki ce mata wancan ya ji. Ki ce ya gode."

Gwaggo ta sunkuya ta faɗa mata, kalma kalma. Inna ta gyaɗa kai. Kafin azahar ta cika.