Takalmin da Bitrus Ya Cire a Ƙofar Ofis

Har yau ban manta da Juma'ar da mai kula da sitona ya tona mini asiri a gaban 'yata ba. Ku da kuka shigo harkar nan daga baya kun tarar da Malam Bitrus da furfurarsa, kuna mamakin yadda ba na ɗaga masa murya. To ga dalili.

Wajen 2007 ne, ina dillancin takalman roba daga masana'antun Sharada. Tsarin aikin shi ne da safe a zaga kamfanoni a karɓi takardar ɗaukar kaya, a tsaya a ga an loda, sannan a raba wa 'yan kasuwa. Da can ni nake wannan zagaye da ƙafata. Da Allah ya buɗa, sai na shimfiɗa kafet a ofis, na bar wa Bitrus. Mutumin kudancin Kaduna ne, shekararmu goma sha ɗaya tare a lokacin.

Zaman ne ya jawo mini. Ciwon sukari ya kama ni har na daina jin yatsun ƙafata sosai. Likita bai ɓoye mini ba: in ban riƙa tafiya kullum ba, wata rana maganar yanke ƙafa za a yi.

Ana cikin haka wani abokin ciniki ya dawo daga Sin da samfurin kambas, ya ce in gwada ko zai karɓu a Kano. Akwai 'yar na'ura a cikin dunduniyarsa mai ƙirga taku, da ɗan gilashi kamar na agogo da ke nuna lambar. 'Yata Hadiza, wadda take aikin jinya, tana gani ta ce, "Baba, an gama. Duk Juma'a zan zo in duba."

Satin farko lambar ta ba ni kunya. Mota ke kai ni ƙofar ofis, in tuɓe takalmin a bakin kafet, ya wuni nan yana jirana. Sai na lura ƙafarmu ɗaya da Bitrus.

"Bitrus, ka riƙa sa wannan in za ka zagaye. Gwajin samfur ne."

Ya dube ni, ya dubi takalmin. "To, Alhaji."

Sati uku lamba tana hawa. Hadiza har kaza ta soya mini. A Juma'ar da ta biyo baya, maimakon gida, ta zo ofis bayan an sauko daga masallaci, Bitrus bai riga ya dawo ba. Na ce an kai takalmin wanki. Muna zaune take cewa ranar Litinin za ta kai wa likita lambobin, wataƙila ya rage mini magani tunda ina motsa jiki haka. Ashe Bitrus yana bakin ƙofa da takardu a hannu, takalmin a ƙafarsa.

Ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ajiye shi a gabanta.

"Alhaji, ku yi haƙuri, zan faɗa. Hadiza, wannan tafiyar tawa ce. In likita zai rage wa wani magani, ni zai rage wa."

Na ce, "Bitrus, ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Alhaji. In kun kore ni zan samu wani siton. Ku kuwa in aka yanke ƙafar, babu kamfanin da ke buga irinta a Sharada."

Hadiza ba ta yi faɗa ba. Ta turo mini takalmin da hannu, idonta ya cika da hawaye. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Washegari na sa shi, na bi Bitrus. Kafin mu kai kamfani na biyu ina haki, yana tsokanata, "Alhaji, a kira mota ne?" Ban kira ba. A hankali na saba. A wannan zagayen na ga abin da kafet ya ɓoye mini: masu lodi da suka tsufa ban sani ba, da sabon zubin silifa da wasu dillalai suke kwashewa ina zaune.

Kambas ɗin ban yi odarsa ba. Mutumin da zai tuɓe takalmi don alwala, ya tuɓe a ƙofar masallaci, ya tuɓe a ƙofar surukai, ba zai sayi mai igiya ba ko da magana yake yi. Na mayar wa mai shi da wannan amsar, amma na riƙe samfurin.

Abin da na koya shi ne, na'ura abin da aka ba ta take ƙirgawa, ba ta san ƙafar wa ke ciki ba. Wanda ya sani mutum ne. In kun samu ma'aikacin da zai kunyata ku don ya cece ku, ku riƙe shi da kyau. Ƙafata dai ga ta nan, da ita na tako na zo yau.