Tarun Bahago

Yayana masunci ne a tafkin Madarumfa, kuma bahago ne. Ba ya iya ganin taru a yage ya wuce, ko da na wani ne. Zai tsuguna ya kama gyara, ƙullinsa duk a juye, har abokan sana'arsa na tsokanarsa wai kifi ma ruɗewa yake idan ya zo shiga. Bakinsa kuwa ba linzami, irin nawa. Bayan sojoji sun karɓi mulki, yunwar nan ba ta gama sakinmu ba, ya tsaya a wurin rabon hatsin taimako ya tambayi inda sauran buhunan suka shiga. Washegari da hantsi jandarmomi suka ɗauke shi a bakin ruwa, ko riga babu a jikinsa.

Mun je Maradi neman sa, ni da Inna, mahaifiyarmu. Wannan ofis ya tura mu wancan, gidan kaso suka ce ba su san da shi ba, wani mai kaki ya ce mu koma gida tun muna ganin hanya. Ni ce 'yar rakiya saboda shi ɗan fari ne, kuma Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunya irin ta iyayenmu. "Yaron nan" take cewa. Idan aka tambayi suna sai ta zungure ni in faɗa.

Da ƙafa ta gaji, Inna ta sake dabara. A wurinmu duk abin da ake so ya kai nesa, direba ake ba wa saƙo. Sai ta riƙa bandar tarwaɗa, ta yanko yanki daga tsohon tarunsa da ya ruɓe ta ƙunshe, don fari bai bar mana wani abin ƙunshi ba. Mu tafi tasha, mu nemi duk motar da za ta garin da aka ce ana tsare mutane, Damagaram ce, Tawa ce, ko can arewa cikin rairayi.

"Ɗana," in ji ta ga direba, "ka miƙa a ƙohwar kaso, ka hwaɗi sunan da yarinyar ga za ta gaya maka."

Wasu sun ƙi, kuma ban ga laifinsu ba, don zamani ne da ko tari mutum ya yi sai ya waiga. Amma da yawa sun karɓa, ba su nemi komai ba.

Rani ya wuce, damina ta wuce, ko labarinsa babu. Baffanmu, wanda shi ma masunci ne, ya tara mu ya ce a yi masa sadaka kamar kowane mamaci, matarsa ta shiga takaba, don ta gaji da zama ba aure ba zawarci. Ba mugunta ya yi ba, da hawaye ya faɗa. Aka sa rana bayan an gama yankan hatsi. Inna kuwa, hayaƙin bandarta bai mutu ba.

Ana saura kwanaki, sai ga wani direba cikin waɗanda suka karɓi saƙo ya bar hanyarsa ya shigo gari yana tambayar gidanmu. Ya durƙusa ya gaida Inna.

"Inna, ban gane shi da idona ba, ba ni yi miki ƙarya. Kihin kau masu gadi sunka cinye shi gabana. Amma da na biyo a dawowa, guda cikinsu ya jeho mini wanga, ya ce wani ɗan kaso ya tsince shi a tsakar gida, ya roƙa a maida ma mai shi."

Yankin tarun ne. Duk inda ya yage an ɗinke shi da zaren bargo. Baffa ya karɓa, ya ɗaga shi a rana, ya bi ƙullin da ɗan yatsa. Kowane ƙulli a juye yake. Sai kawai ya zauna a ƙasa, ya ce a gaya wa liman an fasa sadaka.

Yayana ya dawo daga baya, da tari da giɓin haƙora, ya rayu har ya aurar da 'ya'yansa. Direban nan kuwa ko sunansa ban tambaya ba, ni da aka kawo don faɗin suna. Har yau ina sa shi a addu'a, shi da mai gadin da ya yi kasadar jefo tsumman nan waje. Allah ya saka musu da alheri.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Inna a ranar nan. Ta karɓi tarun daga hannun Baffa, ta kifa fuskarta a ciki, a gaban baƙo da maƙwabta da surukarta. Sai muka ji ta kira shi da ƙarfi, da sunansa na yanka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar.